Ledar katantanwar teku da na saya don akwatin kifi: kyau a ido, ɗoyi a ciki

Mai sayarwa cewa ya yi an wanke su tas, a zuba a ruwa kawai. Wannan maganar ce ta fi ɓata min rai a duk cinikin, don ba gaskiya ba ce, kuma irinta ce ke kashe wa mutum kifi. Leda ce mai nauyin kamar rabin kilo, irin wadda ake kawowa Kano daga Legas. A ciki akwai farin wuri, da wasu masu faɗi, da manyan katantanwa uku masu murɗaɗɗen ciki. A ido kam babu laifi, har sheƙi suke yi.

Da suka iso nan Ringim na zuba su a tsohuwar tukunya na ɗora a wuta, yadda ake yi wa duk abin da zai shiga akwatin kifi. Ruwan bai kai ga tafasa ba ɗoyi ya cika tsakar gida. Biyu daga cikin manyan nan uku ashe da sauran naman dabbar a can ƙuryar murɗin, ya bushe ya manne. Da zafi ya ratsa shi sai ya riƙa fitowa baƙi ƙirin, yana yauƙi. Masu faɗin kuma sheƙin nasu ba na Allah ba ne, banish aka shafa musu. Ya yi fari-fari ya fara ɓarewa, har kana iya jan sa da farce. Wasu 'yan ƙanana masu ruwan hoda suka saki kala, ruwan tukunyar ya rine. To wannan ne aka wanke?

Wani mai kemis a nan garin ya sayi irin ledar a hannun mutumin, ya kuma yarda da maganarsa ya juye ta a akwatinsa mai lita 60. Cikin 'yan kwanaki ruwan ya yi hazo, kifayen suka taru a sama suna haki, ƙananan kifayensa da ake kira niyon tetra suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Abu biyu ne suka haɗu masa a lokaci guda, kuma ya kamata duk mai sha'awar waɗannan kaya ya fahimce su.

Na farko shi ne ruɓaɓɓen naman, wanda ke sakin amoniya, sinadari mai dafi ga kifi, a ruwa. Na biyu ɓawon ne da kansa. Ɓawon katantanwa kusan dukkansa kalsiyam kabonet ne, sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai da dutsen da ake yin siminti. A ruwan da ke da ɗan tsami yana narkewa a hankali, yana ƙara wa ruwan nauyi, wato yawan sinadarin da ya narke a cikinsa, yana kuma tura awon tsamin ruwa da ake kira pH sama. Ga wanda bai saba da awon ba, 7 ne tsakiya, ƙasa da haka ɓangaren tsami ne, sama da haka ɓangaren kanwa. Shi mai kemis da ruwan sama yake cika akwatinsa, wanda yakan zauna ƙasa da 7, don haka ɓawon ya samu abin da yake so. Da muka auna, ruwan ya doshi 8. Inda haɗarin yake, dafin amoniya yana bin pH ne. A awon 7, kason amoniyar da ke cutar da kifi bai kai ɗaya cikin ɗari ba. A awon 8 yana kai wajen biyar cikin ɗari idan zafin ruwa digiri 25 ne, ya haura bakwai idan ya kai digiri 30. Wato kusan ninki goma ke nan. A watan Afrilu kuwa ruwan akwati a ɗakin kwano ya wuce digiri 30 ba abin mamaki ba ne a Jigawa. Ka haɗa da ɗauke wuta, matatar ruwa ta tsaya, famfon iska ya yi shiru. Niyon tetra kifin yankin Amazon ne, ruwa mai laushi mai ɗan tsami ya gada, ba zai jure wannan ba.

Amma fa a faɗi gaskiya, bayan an sha wahalar gyara su, waɗanda suka rage sun yi amfani fiye da yadda na zata. Ga yadda ake yi. A fara ware duk mai fenti ko banish a ajiye gefe, ba ya shiga ruwa ko an kankare, don ba ka san irin fentin ba. Sauran a jiƙa su a bokiti kwana biyu ana sauya ruwa. Sannan a dafa minti 15 zuwa 20, amma da ruwan sanyi za a fara, idan aka jefa su a tafasasshen ruwa wasu na tsagewa. Kada a yi a tukunyar girki, in ba haka ba kai da uwargida ne. Masu murɗi a sa lanƙwasasshiyar waya a sakato cikinsu, a cika da ruwa a toshe bakin da yatsa a girgiza, a maimaita har ruwan ya fito fari. A goge bayan da tsohon burushin haƙori. Sabulu ko omo ba sa zuwa kusa, ɗan abin da ya maƙale a rami ya isa ya lalata wa kifi gaɓar da yake numfashi da ita. Idan har yanzu da wari, a sa a ruwan bilic marar ƙamshi, kashi ɗaya cikin kashi 20 na ruwa, na minti 15, a ɗauraye sosai, a shanya a rana kwana biyu har warin bilic ɗin ya tafi gaba ɗaya. Hanci ne alƙali a nan. Wanda ya ci gaba da wari bayan duk wannan, a jefar.

Dafawa tana kashe ƙwayoyin cuta ne kawai, ba ta hana ɓawo narkewa. Mutane da yawa a nan suke ruɗewa. Mai shakka ya ɗiga ruwan khal ko lemun tsami a kan dafaffen wuri ya ga yadda zai yi kumfa. Abin da ke faruwa a akwati ke nan, sai dai a hankali. Haka ma makankarin da yara ke tsintowa a bakin kogin Haɗeja, duk da na ruwan daɗi ne, sinadarinsu ɗaya da na teku.

Don haka tambayar ita ce wane kifi kake da shi, kuma wane ruwa kake zubawa. Gupi, moli da filati ruwa mai nauyi suke so, tsakanin 7 da 8, kuma a wajensu ɓawon alheri ne, yana hana ruwan faɗawa tsami idan an yi jinkirin sauyi. Na sa farin wuri shida a akwatin gupi mai lita 40 da nake cikawa da ruwan burtsatse, awon ya tashi daga 7.4 zuwa 7.8 ya tsaya cak, kifayen na ta haihuwa. Dalili shi ne idan ruwa ya riga ya yi nauyi narkewar tana raguwa sosai, ɓawo shi kaɗai ba ya kai ruwa can sama da 8 da ɗan wani abu. Dangin karfasa na tafkin Malawi da na Tanganyika su ma gidansu ne, har akwai wani ɗan ƙarami na Tanganyika, Neolamprologus multifasciatus, da a cikin ɓawon katantanwa yake kwana yake kuma zuba ƙwai. Dodon koɗin da ake sakawa a akwati don cin gansakuka shi ma yana buƙatar kalsiyam ɗin, in babu bayansa yakan zaizaye ya yi fari. Amma tetra, diskas da sauran kifayen ruwa mai laushi, a raba su da katantanwa.

A sa kaɗan-kaɗan, ƙanana biyu ko uku a kowace lita 20, a auna da takardar gwaji ko ruwan gwaji bayan kwana uku, sannan duk mako. Tsallen awo ya fi awon kansa illa, kada ya motsa fiye da 0.3 a yini. Kuma a lura da rani: ruwa yana ƙafewa ya bar sinadarin a baya, in ciko kawai kake yi nauyin taruwa yake. A kwashe kashi ɗaya cikin huɗu duk mako a zuba sabo.

Har na fara cewa kuɗina bai tafi a banza ba, sai na tuna manyan nan uku, waɗanda saboda su ne ma na sayi ledar. Ɗaya ya tafi bola don warinsa ya ƙi fita. Na biyu bakinsa a ɓalle yake, da kaifi sosai, sai da na goge shi da sanfefa, in ba haka ba jelar gupi za ta yage a kai. Na ukun kuma bakinsa daidai shigar ƙaramin kifi ne, ya shiga ya kasa juyowa ya mutu a ciki ba ka sani ba, sai ruwa ya ɓaci. Irin wannan sai an toshe cikin da tsakuwa ko silikon na gilashin kifi, ko a kifa bakin a cikin yashi. Ko an yi hakan ma, ragowar abinci na taruwa a ƙarƙashinsa, dole duk ranar sauya ruwa a ɗaga a zuƙe dattin.

A ƙarshe abin da ya shiga ruwa bai kai rabin ledar ba. Masu banish da masu kala suna kan murfin akwati a jere, nan ne wurinsu. Ba zan sake saya a hannun mutumin nan ba, ba don kayan ba su da kyau ba, sai don ya ce an wanke. Wanda ke da tetra kuma yake son ganin katantanwa a ƙasan akwatinsa, ya nemi na roba da aka yi musamman don akwatin kifi, ko ya tsinci duwatsun fa a bayan gari, ya ɗiga musu khal, wanda bai yi kumfa ba ya dafa ya saka.