Mai kwale-kwalen da ya zaga da mu Baturiya

Jama'a duk mai son kallon tsuntsaye ya je Baturiya, nan ƙaramar hukumar Kirikasamma bayan Haɗeja. Mu da hunturu muka je, lokacin da tsuntsayen Turai suke gudo sanyi su sauka a fadamar, ga kuma namu na gida irin su ɗinya da kirinjijiya da zalɓe.

Dattijon da ya ɗauke mu wallahi ya san aikinsa, da gora yake tuƙi ba inji ballantana ƙara ta kore su, kuma da ƙanina ya ce a ɗan matsa kusa ya ɗau hoto sai ya ce a'a ɗana, in suka tashi a firgice sun bar kiwo kenan, daga nan ma ka gansu. Ledar piya wata da muka sha shi ya sa muka tattara muka dawo da ita. Tun 2008 wajen yake cikin jerin Ramsar, wato jerin fadamu masu muhimmanci na duniya, ya cancanci wannan kulawar.

Abin da ban ji daɗi ba, babu rigar kariya ko ɗaya a jirgin kuma da yara muka je. Sannan ciyawar kachala ta toshe wasu hanyoyin ruwan, sai da muka yi dogon zagaye. Kuɗinsa daidai talaka, ku dai yi sammako.