Kafin ka kafa dandalin sada zumunta naka a kwantena, wace manhaja za ka ɗauka?

Kwantena wani ƙunshi ne da ke ɗauke da manhaja da duk abin da take buƙata don ta yi aiki. Tambayar farko ita ce mutum nawa za su shiga. Amsarta ce za ta nuna maka manhajar, da girman sabar da za ka yi haya, wato kwamfutar da dandalin zai zauna a kanta.

Mastodon, wadda Eugen Rochko ya fito da ita a 2016, ita kowa ya sani, kuma manhajojin waya da ke aiki da ita sun fi yawa. Sai dai nauyi gare ta. A Docker Compose, manhajar da ke tada kwantenoni da yawa tare, za ka tada kwantenar shafi, ta Sidekiq mai ayyukan bayan fage, ta aika saƙonni kai tsaye, ga rumbunan bayanai biyu, PostgreSQL da Redis. Biyar ke nan, tun ba ka ƙara Elasticsearch don bincike ba. Sabar mai RAM (ƙwaƙwalwar aiki) gigabait 1 za ta sha wuya. Tana kuma buƙatar hanyar aika imel don tantance masu rajista. In jama'a ɗaruruwa kake tsammani, wahalar ta biya, domin kayan aikinta na tsawatarwa da karɓar ƙorafi suna da inganci.

In kai kaɗai ne, ko kai da abokai goma, ni GoToSocial zan ce ka ɗauka. Da harshen Go aka rubuta ta, kwantena ɗaya ta wadatar, kuma tana aiki da SQLite, wato rumbun bayananta fayil guda ne. Inda gizo ke saƙa shi ne ba ta zo da shafin rubutu da karanta saƙonni ba, sai ka haɗa da manhajar waya irin Tusky.

Akkoma, da ta ɓalle daga Pleroma a 2022, tana tsaka-tsaki: da harshen Elixir aka rubuta ta, tana aiki da PostgreSQL, ba ta cin RAM sosai. Misskey ta Japan kuwa ado da kwalliya ne, ga mai so.

Dukansu da ActivityPub suke magana da juna, ƙa'idar da W3C, ƙungiyar tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta amince da ita a 2018, don haka mai GoToSocial zai bi mai Mastodon lafiya lau.

Wajen tada kwantenar kuwa, Docker ko Podman? Jagororin girkawa galibi Docker suke nufi. Podman yana gudana ba tare da ikon babban mai gudanarwa ba, abin so ne ta fuskar tsaro, amma za ka ɗan yi gyare-gyare da hannu.

Abu biyu ake raina su. Na ɗaya faifan ajiya: sabarka tana adana hotuna da bidiyon mutanen wasu sabobi da ake bi, har ta cika ba ka ankara ba. A Mastodon, umarnin tootctl media remove ne ke share su, ko ka kai su ma'ajiyar intanet irin ta S3. Na biyu sunan adireshin dandalin. Da zarar sauran sabobi sun san ka da shi, ba ya canzuwa sai dai ka fara daga tushe, kuma sauya manhaja a kan adireshi ɗaya yakan rikita mabiya. Ka gwada manhajojin a wani ƙaramin adireshi na wucin gadi tukuna, sannan ka ɗora wadda ta kwanta maka a kan na dindindin.