Na koma kan 1942 bayan shekaru, kuma har yanzu alkafura uku ce ke kashe ni

Jama'a sati biyu kenan ina fama da wani tsohon gem, 1942 na kamfanin Capcom, wanda ya fito tun 1984. Duk wanda ya taso da irin gem ɗin nan na kaset da ake jonawa a TV, mai kaset ɗin da aka rubuta wasa ɗari-ɗari a jiki amma in ka duba guda goma ne suke ta maimaita kansu, to ya san shi ko da bai san sunansa ba. Mu "gem ɗin jirgi" kawai muke ce masa. Wannan karon a laftof na buga, cikin Capcom Arcade Stadium, tarin tsofaffin gem ɗin kamfanin da ya fito 2021, shi kansa kyauta ne har da gem ɗin 1943, wanda ya biyo bayan 1942, a ciki, amma 1942 sai ka saya. Na saya, na jona hannu na zauna.

Tsarin wasan ba wani abu ne mai wuya ba. Jirginka na ƙasan allo, teku da tsibirai suna gangarowa daga sama, jiragen abokan gaba suna zubowa kamar fara, kai kuma harbi da kaucewa. Madanni biyu ne kacal, ɗaya na harbi ɗaya na alkafura. Harsashi ɗaya ya taɓa ka ka tafi, babu wani jini da ke raguwa a hankali, babu lallashi. Mataki 32 ne kuma ƙirgen daga sama yake saukowa, wato ka fara a 32 kana neman 1, daga Midway har Okinawa da nufin kaiwa Tokyo. Da farko abun ya ban haushi, ka gama shan wahala a ce maka saura 29, amma daga baya na gane dabara ce, kullum kana ganin tsawon hanyar da ta rage maka kuma zuciya ba ta yarda ka tashi.

To alkafurar nan ita ce gem ɗin gaba ɗaya, wallahi. In ka danna, jirgin zai yi sama ya juya ya dawo, a ɗan lokacin nan babu abin da ke taɓa ka, amma kai ma ba ka harbi, kuma guda uku kawai ake ba ka a kowane mataki. Matsalar ita ce in ka sauka lafiya ba ka taɓa su ba ana ƙara maka maki a kansu, shi ya sa rowa ke kama mutum, kana ganin harsashi ya nufo ka kana cewa a'a bari in kauce da hannu in adana, kafin ka gama shawara an tarwatsa ka da alkafurarka uku cif a aljihu. Na mutu a haka ya fi a ƙirga. Sannan ko ka yi ta, ba a nan take ƙarewa ba, domin inda za ka dawo shi ne magana, sau nawa na tsallake harsashi na faɗo daidai kan wani jirgin. Gudun gara faɗawa gidan zago kenan.

Sai jajayen jiragen nan da ke zuwa a jere suna kewayawa. In ka kakkaɓe su duka ba ka bar ko ɗaya ba sai alamar POW ta faɗo, wani lokaci harbinka ya ninka, wani lokaci ta share duk abin da ke allo, wani lokaci kuma ƙananan jirage biyu su zo su tsaya maka dama da hagu suna taya ka harbi. Ranar da na fara samun 'yan rakiyar nan ji na yi kamar an naɗa ni sarauta, sai dai faɗinka ya ƙaru, su ma ana iya harbo su, kuma kwaɗayin zuwa ɗauko POW ɗin ya kashe ni fiye da yadda abokan gaba suka kashe ni da gangan. Kar kuma ka ce za ka lafe a can ƙasan allo ka huta, akwai manyan jirage da ke fitowa ta bayanka a hankali ba sallama. Shi kuwa ƙaton jirgin abokan gaba da ake kira Ayako, wanda ke cika allo, na ɗauka zai fi haka wahala, in ka nutsu ka tsaya a bayansa kana zuba masa yana faɗuwa.

Wani abu da ban taɓa lura da shi ba ina yaro: kamfanin Japan ne ya yi gem ɗin, Yoshiki Okamoto ne ya tsara shi, amma kai jirgin Amurka kake tuƙawa, P-38 Lightning mai jela biyu, kana harbo jiragen Japan a yaƙin duniya na biyu. Kuma Midway ɗin da aka fara da shi, a can ne Japan ta yi asarar manyan jiragen ruwanta huɗu masu ɗaukar jiragen sama a watan Yunin 1942. Ban da haka P-38 ba daga kan jirgin ruwa yake tashi zuwa yaƙi ba, daga filin ƙasa yake tashi, amma a gem kowane mataki daga kan jirgin ruwa kake tashi can kuma kake sauka. Ba wanda ya zo nan neman darasin tarihi dai.

Abin da ban so ba, kiɗan. Kai! Ganga da usur ne kawai, fit fit fit, kamar faretin 'yan makaranta da ba ya ƙarewa, na TV ɗin da muka buga da ma ya fi wannan huda kunne. Minti ashirin uwargida ta leƙo ta ce dan Allah ko in rage ko in sa abin kunne. Matakan kuma suna kama da juna, teku, tsibiri, teku, in ka kai tsakiya sai ka ji kamar nan ka baro ɗazu. Kuma da yake allon injin da aka fara yin gem ɗin dominsa a tsaye yake, a laftof wasan na tsakiya ne siriri, gefe da gefe duk ado. Ana iya juya hoton, har na gwada jingine laftof ɗin a kaikaice da filo, dabarar ba ta yi ba.

Akwai tariyowa a wannan sabon, in ka mutu ka danna ka koma baya kamar kaset. Daren farko da ita na yi ta tafiya har na yi nisa sosai, amma gaskiya ban ji komai ba, hannuna ko gumi bai yi ba, alkafura ma ta zama ba ta da amfani tunda mutuwa ba ta da zafi. Washegari na haramta wa kaina ita na koma 32, nan ne gem ɗin ya dawo wanda na sani, har ina karkata jiki ina bin jirgin kamar hakan zai taimaka. In kana son mai sauƙi kuma ku buga ku biyu lokaci ɗaya, 1943 na 1987 ya fi, shi yana da ma'aunin ƙarfi, ba a kashe ka da bugu ɗaya. Ni dai na fi son tsohon da rashin mutuncinsa.

Ɗan yayana mai shekara goma sha ɗaya, wanda ba ya buga komai sai ƙwallo a waya, ya kalle shi ya ce "Kawu wannan ai gem ɗin tsofaffi ne." Na miƙa masa hannun. Ko minti ɗaya bai yi ba aka harbo shi, ya ce bai shirya ba. Har aka kira magariba yana nan yana cewa saura ɗaya. Ni kuma yanzu ina maƙale a mataki na 21, jiya sau huɗu ina mutuwa a wuri ɗaya, kuma duk huɗun da alkafura biyu a hannuna.