Mashtal ɗin da na sayo kazwarina a Jidda: itacen ya yi, ƙasa da waya kuma sai haƙuri

To jama'a, masu tambayar ina na samo ɗan itacen nan da ke kan sutuh ɗin amararmu, wato rufin benenmu, ga amsa a dunƙule don in huta. Wani mashtal ne, wato wurin renon dashe da sayarwa, a arewacin Jidda, can inda masu sayar da shuke-shuke suka yi layi a bakin titi, ba zan kama suna ba saboda akwai abin da zan faɗa wanda ba yabo ba ne kuma ba na son a ce na ɓata wa wani kasuwa. Magana ɗaya dai, ku je ku sayi ƙaramin dashe, ku nemi ma'aikacinsu ɗan Indunusiya ku tsuguna kusa da shi, amma ƙasar da suke sayarwa a leda da wayar ɗauri ku bar musu kayansu, waɗanda kuma suka jera a bakin ƙofa cikin tukwane masu ƙyalli suka maƙala wa takarda wai bonsai (itacen da ake renonsa a tukunya ya zauna ɗan ƙarami da siffar babba), ku wuce ko waiwaye kar ku yi.

Me ya sa kazwarina, ba wani itacen ba? Saboda garin nan Jidda ne ba Ɗa'if ba. Duk waɗannan itatuwan da kuke gani a bidiyon mutanen Japan masu ganye ja da ruwan ɗorawa, sanyi suke so, in ka kawo su nan ko Satumba ba za su gani ba. Ko itacen ar'ar da ke fitowa da kansa a duwatsun Ɗa'if da Abha, in ka sauko da shi bakin teku wahala kawai zai sha. Ita kuwa kazwarina asalinta ta bakin teku ce, daga Ostireliya da tsibiran kudu maso gabashin Asiya, rairayi da gishiri da iska mai zafi su ta saba da su, shi ya sa za ka ga an jera ta a gefen gonaki don tare iska da ƙura. In aka bar ta a ƙasa tana iya kai mita 30, kuma saurin girma gare ta, wanda ga mai son bonsai wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, abin da wani itacen zai ja ka shekaru masu yawa ita cikin 'yan shekaru za ka fara ganin kamanni.

Dashen da na saya kaurinsa bai wuce babban yatsa ba, tsayinsa ya kusa ƙuguna, a baƙar leda, kuɗinsa bai kai na cin abincin rana na mutum biyu a mat'am ba. Nan kam ban da ƙorafi. Lafiyayyu ne, korensu shar, babu ƙwari, kuma sun bar ni na zaɓa da hannuna na ɗaga wannan na ajiye wancan babu wanda ya ɗaure min fuska. Abin da za ka duba wajen zaɓe shi ne gindin, ka tona ƙasar sama kaɗan da yatsa ka ga ko saiwoyin sun bazu ta kowane gefe, sannan ka nemi wanda yake da ƙananan rassa tun daga ƙasa, wanda ya miƙe sumul sai can sama ya yi tuntu ka bar wa masu shinge.

Abu na farko da ya ɓata min rai shi ne ba sa rubuta irin. Duk kazwarina suke ce musu alhali ba ɗaya ba ne, kuma bambancin yana da amfani don akwai wadda take fitar da 'ya'ya daga saiwa ta cika maka tukunya da toho. Ɗan Indunusiyan ne ya nuna min yadda ake ganewa, kuma wlh abin ya burge ni. Wannan siraran koren da muke ɗauka ganye ne ashe ba ganye ba ne, ƙananan rassa ne masu gaɓa-gaɓa, in ka kama ɗaya ka ja a hankali sai ya ɓalle daidai gaɓa, to a bakin inda ya ɓalle akwai wasu 'yan haƙora mitsi-mitsi da suka zagaye shi, su ne ganyen na gaskiya. Ya karɓi wayar hannuna ya buɗe kyamara ya jawo hoton kusa muka ƙirga. In 6 zuwa 8 ne to ta bakin teku ce, wadda masana ke kira Casuarina equisetifolia, in kuwa sun kai 12 zuwa sama to glauca ce, mai yawan tohon saiwa. Tawa bakwai muka samu.

Mutumin nan shi ne dukiyar mashtal ɗin, ban sani ba ko mai wurin ya san haka. Aikinsa ban ruwa da loda kaya a mota, ba wani muƙami gare shi ba, amma ɗan tsibirin Madura ne, kuma ya ce min a wajensu wannan itacen da suke kira cemara udang shi ne abin alfaharin masu bonsai, akwai bakin tekun Lombang a yankin Sumenep da ya yi suna saboda shi. Larabcinsa irin na kasuwa ne nawa ma haka, sadik sadik muke ta yi da nuni da hannu amma mun fahimci juna sarai. Da na ce masa ina so in sa dashen a 'yar tukunya mai faɗi irin ta hoto sai ya yi dariya ya ce la la la, ba'adain, wato a'a, sai nan gaba. Wai in na matse shi a ƙaramar tukunya yanzu to gindin ya daina kauri kenan, zan ƙare da sanda mai gashi a ka. Ya ce in samo babban kwandon roba mai huji-huji irin na wanke kayan miya, ko baho in huda shi sosai, a nan zai zauna shekara biyu ko uku yana ci yana ƙiba.

Na biya shi ɗan wani abu ya yi min aikin farko a gabana, wannan ba ya cikin fatura, tsakanina da shi ne. Ya yage ledar, ya sa tsinke ya warware ƙasar a hankali, ya nemo doguwar saiwar tsakiya mai nutsawa ƙasa ya datse ta, ya bar na gefe ya baza su a kan fasasshen tayil don su tafi a kwance. A jikin saiwoyin akwai wasu ƙulle-ƙulle masu launin ƙasa, ni da na gansu na ɗauka cuta ce, ya riƙe min hannu ya ce kar in taɓa. Aikinsu ɗaya da ƙullin da ke saiwar gyaɗa da wake a gonakinmu na gida, wasu ƙwayoyin halitta ne da ake kira Frankia ke zaune a ciki suna jawo sinadarin naitirojin daga iska suna ba itacen, shi ya sa take rayuwa a rairayin da babu komai. Saboda haka bai wanke saiwar tas ba, ya bar tsohuwar ƙasa kaɗan a jiki, kuma ya ce taki kaɗan-kaɗan ya isa, in na cika mata sai gashin ya yi tsawo ya zubo ya ɓata siffar.

Ɗaurin waya bai yi ranar ba, ya ce a bari ta farfaɗo tukuna, sai da sabon toho ya fito na mayar masa da ita. A nan ne na ga hannu. Ya soke bakin wayar a ƙasa kusa da gindi, ya nannaɗe ta a karkace har sama ba matsewa ba sakewa, sannan ya sa manyan yatsunsa biyu a cikin lanƙwasar ya tura a hankali yana saurare da kunne, wai in ka ji ƙas to ka tsaya nan. Mutanenmu sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to a kan kazwarina wannan ba karin magana ba ce umarni ne, don in ta tsufa itacenta tauri gare shi kuma karyewa yake ba ya lanƙwasuwa. Lanƙwasa ta farko ya yi ta can ƙasa sosai, ta biyu ya juya ta baya kaɗan don kar itacen ya zama kamar an zana shi a takarda, kuma ya bar wani reshe guda a ƙasa ya ce kar in taɓa shi ko ya yi muni, shi zai ja abinci ya kumbura gindin, in ya gama aikinsa a sare shi.

To yanzu ga inda suka gaza. Wayar da suke sayarwa a kanta ta ƙarfe ce da aka lulluɓe da koren roba, irin ta ɗaure tumatir, ba ta riƙe lanƙwasa kuma da damshin Jidda kafin ka ankara ta yi tsatsa ta ciki. Shi kansa ɗan Indunusiyan ba da ita ya yi min aiki ba, daga aljihunsa ya zaro ta alminiyam. Ku nemi ta alminiyam mai kaurin milimita 3 ko 4 don gangar jiki, 1 zuwa 2 don rassa, ana samu a kasuwannin intanet. Kuma ku riƙa dubawa, don da zafi itacen nan kumbura yake da sauri, cikin 'yan makonni waya za ta fara nutsewa a ɓawo, in ta fara ku yanke ta gunduwa-gunduwa da filaya kar ku tsaya warwarewa.

Ƙasar ledarsu kuwa, wadda mai kanta ya dage wai makhsus ce ta bonsai, baƙar bitmos ce kawai, wato ruɓaɓɓen tsiro mai kama da soso, da ɗan yashi. In ta jiƙe ta riƙe ruwa ta yi caɓi, in ta bushe kuma ta ƙanƙance ruwa ya riƙa bi ta gefen tukunya yana zubewa ƙasa bai shiga ba. Abin da nake amfani da shi yanzu tsakuwar dutsen aman wuta ce ƙanana, wadda ba ta wahalar samu a ƙasar nan tunda harra, wato filayen baƙin dutsen aman wuta, ta cika hanyar Madina, da farin ferlayit (wata tsakuwa marar nauyi) da ɗan bitmos kaɗan don riƙe laima. Su kuma tukwanen bakin ƙofa da na ce ku wuce, na ɗaga ɗaya na duba ƙasanta babu huji ko ɗaya, tsakuwar saman ma da gam aka manne ta, yawancinsu itacen fikas ne, dangin ɓaure, da aka yi wa aure, kuɗinsu kuma ya ninka na dashena sau da yawa, ga harajin kashi 15 a kai. Wannan kayan kyauta ne na kai wa ofis ya yi wata biyu ya mutu.

Sai kawo kaya. Na ƙara da wasu dashe don wani dattijo maƙwabcinmu da ya gani ya ce shi ma yana so, aka ce za a kawo bayan la'asar, direba ya taso da su da azahar tsaka a bayan dabbab, 'yar motar ɗaukar kaya, a buɗe ba ko rufi. Kafin su iso duk bakin gashin ya ƙone ya yi ja. Na kira, sai mafi mushkila mafi mushkila, wai babu matsala, babu wanda ya ce a yi haƙuri balle a canza. Sun farfaɗo dai daga baya don itacen akwai taurin rai, amma Baba Alhaji har yau in ya gan ni sai ya ce yaro ina mutanenka masu gasa itace. In kuna da sayyara ku ɗauko kayanku da kanku ku sa a kujerar baya.

Kulawar yau da kullum ba ta da wuya amma ba ta son mantuwa. Rana take so sosai, kar wanda ya ajiye ta a falo ƙarƙashin mukayyaf, na'urar sanyaya ɗaki, za ta zube. Sai dai a Yuli da Agusta siminti na sutuh yana ɗaukar wuta, don haka na ɗora kwandon a kan katako kuma ina ja mata inuwa bayan azahar, ban ruwa safe da yamma. Mutane na jin an ce tana jure fari sai su ɗauka a tukunya ma haka ne, a'a, wadda ke ƙasa saiwarta na bin ruwa can ciki, ta tukunya kuwa in ta bushe ƙarau yini ɗaya za ka iya rasa rassa. 'Yan uwa na Makka ku ninka hattara, zafinku busasshe ne ba irin namu mai damshi ba. Ruwan tahliya na famfo, wato na teku da aka cire wa gishiri, bai dame ta ba ko kaɗan.

Gashin kuma da yatsa ake rage shi, ka kama ka ja ya ɓalle a gaɓa, in ka bi shi da almakashi bakin yakan bushe ya yi launin ƙasa. Duk wanda ya miƙe sama tsaye ko ya rataya ƙasa daga reshe ka cire, ka bar na gefe su taru su yi faifai-faifai. Abin da na fi so game da ita shi ne ko ka sare ta a tsohon itace tana sake tohowa, har ma ta yi yawa sai ka zaɓi wanda kake so ka murje sauran tun suna ƙanana.

Tawa har yanzu tana cikin kwandon roba shuɗi, gindin ya kusa kaurin wuyan hannun yaro, ɓawon ƙasa ya fara tsagewa, reshen nan mai muni yana nan ya fi kowa tsawo uwargida kullum sai ta ce in sare shi. Tukunyar gaske ban saya ba tukuna kuma ba a wurinsu zan saya ba. In za ku je ku je da sassafe a tsakiyar mako kafin motocin kamfanoni su fara lodi, lokacin ne kawai mutumin ke da sararin tsayawa da ku, ranar Juma'a kuwa sai bayan la'asar suke buɗewa kuma cika wurin yake yi. Ku tafi da kwandonku da wayarku ta alminiyam, kuma ku riƙe ɗan canji a hannu don shi, na'urar shabaka ta biya da kati ta mai kanta ce.