Gam ɗin gyaran jirgi a nan Ingila

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya. Ka tambaye ni ko abin da muke liƙe jiragen ruwa da shi a wurin aikina shi ne resin ɗin faiba da ka saba da shi. Ba shi ba ne. Naka irin gam ɗin da ake kira foliyesta ne, ɗigon sinadarin da ke daskarar da shi kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ya ishe shi, in kana sauri ka ɗan ƙara. Na nan wani irin gam ne daban, epoksi ake ce masa. Ya fi kama katako, ya fi tare ruwa, amma sam ba ya son awon ido.

Gwangwani biyu yake zuwa, resin da ruwan daskarwa. Wanda muka fi taɓawa shi ne West System, asalinsa daga Michigan ta Amurka. Resin mai lamba 105 kashi biyar, ruwan daskarwa 205 ko 206 kashi ɗaya. Abin da ya burge ni, kowane gwangwani ana sayar da famfonsa da aka riga aka auna: ka danna wannan sau ɗaya, ka danna wancan sau ɗaya, shi ke nan awo ya cika. Ga takarda mai bayanin minti nawa kake da shi.

Satina na farko, hannu ya saba da foliyesta, ga sanyi, sai na ƙara ruwan daskarwa wai don ya yi saurin bushewa. Kwana biyu abin yana danƙo kamar cingam. Da kaina na kankare shi, oga yana tsaye bai ce uffan ba. Ashe sauri a zaɓen lamba yake: 205 kan ba ka kamar minti 10 a kofi, 206 ya haura 20. Mai aiki cikin zafi irinka, mai jinkirin zai nema.

Ka juya shi minti guda cur, kana kankaro gefe da gindin kofin. Kuma kada ka bar shi da yawa a kofi mai zurfi, zafi yake yi da kansa. Na ga kofin roba yana hayaƙi har ya lanƙwashe. Juye shi a faranti mai faɗi.

Safar hannu kuwa dole ce, don in fata ta fara ƙinsa, ƙaiƙayin ba ya rabuwa da mutum. Faɗa mini girman tsagar da ke jirgin naka, da ko katakon ya bushe sarai, in ga lambar da za ta dace.