Likitan ya yi, matar kati ce matsalar

Wata uku ke nan da na kai ƙanena wurin likitanmu na gida a nan Katsina kan maganar tiramol. Ƙaramin asibitin kuɗi ne, inda muke kai yara in zazzaɓi ya kama su, Hajiyarmu kuma take zuwa awon hawan jini. Ban taɓa kawowa za su iya da mai shan ƙwaya ba. Kawu ya so a kai shi makarantar mari, ni kuwa tun abin da aka bankaɗo a Daura a 2019, mutane da sarƙa a ƙafa, na ce ba da ni ba. Asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa da ke Kaduna kuma ya yi mana nisa.

Muna shiga likita ya ce, "Hajiya, ɗan ba mu wuri." Raina ya sosu, ni fa na kawo shi! Sai da suka kusa minti arba'in yaron ya fito, idonsa jawur. A cikin Keke Napep yake ce min, "Yaya, wallahi bai zage ni ba. Cewa ya yi guda nawa nake sha a rana, kuma wace iri." Ashe mai lamba 225 yake haɗiya, alhali ta asibiti 50 ce ko 100. Da kodin ya fara, da aka hana shi a 2018 ya yi tsada, sai abokai suka nuna masa wannan. Shekara nawa muna gida ɗaya ban sani ba.

Likita ya hana a yanke masa lokaci guda, a hankali ake ragewa. Ya faɗa min abin da zan gani: gumi, gudawa, hamma, ciwon gaɓoɓi, rashin barci, in kuma jijjiga ta zo a taho da shi nan take. Dare na uku yaron yana birgima a kan tabarma, na kira likita ƙarfe 2, ya ɗauka. Allah ya saka masa da alheri.

Amma fa matar kati! Zuwanmu na biyu, layi cike, ta ɗaga murya: "Ina mai maganar ƙwayar nan?" Ga maƙwabciyarmu zaune da goyonta. Kafin magariba labari ya zaga unguwa, yaron ya yi mako biyu ya ƙi komawa, a nan ne ma ya sake sha. Na faɗa wa likita, ya ba da haƙuri, amma har yau tana kan kujerarta. Ga kuɗin ganin likita duk mako, ko sisi ba a ragewa.

Alhamis za mu koma, amma sai bayan la'asar, in ta tashi aiki.