Kafin ka zuba kuɗinka a littafin karatun Attaura na mako-mako

Tunda na faɗa cewa ina bin karatun Attaura na kowace Asabar tare da wani abokina Bayahude a Landan, mutane ke ta tambayata wane littafi za su saya. Ni malamin makaranta ne, nazarin addinai ya kai ni koyon Ibrananci, kuma na yi asarar kuɗi a wannan harka, don haka bari in faɗi abin da na sani.

Yahudawa sun kasa littattafan Annabi Musa biyar zuwa kashi 54, kowane kashi ana ce masa parasha, ana karanta ɗaya duk Asabar (wani makon a haɗa biyu) har a sauke a bikin Simhat Torah a sake komawa farko. Bugun da ke ɗauke da nassin da fassara da sharhi shi ake kira Humash. To shi ne abin saye na farko.

Otodoks da Konsabatib da Rifom ɓangarori ne na addinin Yahudanci. Akwai bugun Stone na maɗaba'ar ArtScroll na 1993, shi ne za ka fi gani a majami'un Otodoks, bugu ne mai kyau amma sharhinsa yanke maka hukunci yake yi. Etz Hayim na 2001 na 'yan Konsabatib ne, yana da nauyi kamar bulo. Na Plaut na 1981 na 'yan Rifom ne. Na Hertz kuwa Turancinsa ya tsufa, na shekarun 1930 ne. Kowanne ka ɗauka zai yi maka aikin nassi. Littattafan Rabbi Jonathan Sacks, wanda ya rasu a 2020, suna da daɗin karatu kan rayuwar zamani, sai dai shi ne ke magana kai kana saurare.

Ni dai inda zuciyata take shi ne littattafan Nehama Leibowitz, kuma ba zan ɓoye ba. An haife ta a Riga a 1905, ta rasu a Kudus a 1997, kuma tun 1942 ta fara tura wa mutane takardun tambayoyi kan parasha ta mako ta gidan waya, su amsa su mayar mata, ta gyara da hannunta ta sake aika musu, haka ta yi ta yi har kusan shekara talatin, daga malamai har leburori da sojoji. Daga wannan aiki littattafan suka fito. Salonta shi ne ta jera maka Rashi, malamin Faransa da ya rasu a 1105, da Ramban, wani malamin sharhi na da, da sauransu, kowa da abin da ya ce a kan aya ɗaya, sannan ta tambaye ka, me ya dami Rashi a nan har ya yi magana? Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allo ya san darajar wannan tambaya. Ranar da muka fara Bereshit, wato littafin Farawa, abokina bai bar ni na wuce ayar farko ba, sai da muka shafe kusan awa guda kan dalilin da ya sa Rashi ya tambayi me ya sa Attaura ta fara da halittar duniya ba da umarni na farko ba, shayinmu ya huce a kan tebur ba wanda ya taɓa. Wallahi daga nan na canza yadda nake yi wa ɗalibaina tambaya a aji. Ka sani fa littattafanta ba su da cikakken nassin, dole ka haɗa da Humash.

Yanzu ga inda na ƙone. Na ga wani Humash a intanet da araha, hoton bango tsaf, na tura kuɗi. Da ya iso ashe tsohon bugu ne aka yi wa sikanin aka buga a takarda mai shan tawada, wasullan duk sun caɓe, ba ka bambance haruffan dalet da resh. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, a ayar Shema, wato ayar kaɗaita Allah, kalmar ehad ma'anarta ɗaya, in dalet ɗin ƙarshe ya koma resh ta zama aher wato wani, shi ya sa ma a rubutun Attaura ake rubuta wannan harafin babba. Kuma babu haftara ko guda, wato karatun annabawa da ke biyo bayan parasha. Mai sayarwar ya daina amsa saƙona.

Saboda haka ka nemi hoton cikin littafin kafin ka biya, ka zuƙo shi ka ga ko ɗigo-ɗigon wasali sun fito. Ka duba sunan maɗaba'a da na edita, littafin sharhi da ba sunan malamin da aka sani a jikinsa ka bar shi, yanzu kwamfuta ma rubuta irinsu take yi. Wasu kuma an sa musu suna da Ibrananci a bango amma sharhin ciki na masu wa'azin wani addini ne, in shi kake nema to, amma ba karatun Yahudawa ba ne. Mafi muni su ne masu tallar wai tsohon naɗin Attaura na fata mai rubutun zinare a farashin waya. Naɗi na gaske haruffa 304,805 ne, marubuci ƙwararre da ake kira sofer yakan shafe kamar shekara yana rubutawa da hannu, ba a samunsa a arhar banza.

In aljihu ba nauyi, ka fara da Sefaria, taskar littattafan Yahudawa a intanet, kyauta ce, nassin da Rashi da Ramban duk suna ciki, ka tara kuɗin ka sayi kundin Bereshit na Nehama tukuna.